Aikin Da Dakta Ya Dawo Da Shi

Karo na uku ke nan da ƙaramin akwatin robar yake dawowa kan teburin Safara'u.

Ba ta ji shigowar Malam Dalhatu, mai lab ɗin haɗa haƙoran, ba. Inuwarsa ce ta faɗo kan filastar awon haƙori da take gogewa, ta ɗago kai. Ya ajiye akwatin, ya matsa inda hasken taga zai haska fuskarsa, kamar yadda ya saba idan yana so ta fahimce shi sosai.

"Ya sake dawo da shi."

Ta buɗe. Murfin haƙori ne na tangaran, irin wanda ake kifawa a kan haƙorin gaba idan ya karye. Da hannunta ta gina shi, ta gasa, ta goge har yana ɗaukar ido.

"Me ya ce bai yi ba, Malam?"

"Ɗan adaidaitan da ya kawo cewa ya yi, wai Dakta ya ce kala."

"Ta yi duhu ne ko ta yi haske?"

Malam Dalhatu ya buɗe hannuwa. "Kala kawai. Na buga masa waya bai ɗauka ba. Nas ɗinsa ce ta ce min mai haƙorin za ta zo yau bayan la'asar. Ki ɗauki haƙoran gwaji ki tafi Tarauni, ki ga bakin da idonki."

Ta rufe akwatin da sauri.

"Malam, don Allah a tura Sani."

"Sani bai taɓa aikin nan ba, ke kika fara shi." Ya ɗan sassauta fuska, amma bai janye ba. "Safara'u, abin da ya shiga tsakaninki da Dakta Mu'awiya ban taɓa sa baki ba. Amma asibitinsa ne rabin aikinmu. Jiya wani likita ya kira ni yana tambaya, wai ya ji aikinki ya fara dawowa, ko hannunki ne ya lalace. Kin san yadda magana take yawo a tsakaninsu. Idan wannan ya sake dawowa, dole in ɗauke ki daga kan tangaran in mayar da ke zuba filasta."

Ya juya ya fita. Ta bi ƙeyarsa da kallo. Ko ya ƙara wata magana a bakin ƙofa, ba ta sani ba.

Tana 'yar firamare sanƙarau ya kama ta. Ta tashi da rai, amma kunnen hagu ya tafi gaba ɗaya, na dama kuma saura ɗan kaɗan, shi ma sai da na'urar da take maƙalawa a ƙarƙashin ɗankwali. Sauran maganar duniya a leɓen mutane take karanta ta. Wanda ya fuskance ta sun yi hira, wanda ya juya mata baya ya fita daga duniyarta.

Shi ya sa aikin haɗa haƙori ya karɓe ta. Ɗaki ne a saman wani kemis a Gyadi-Gyadi, ita da teburinta da ƙaramin murhun gasa tangaran. Sauran ma'aikata suna ƙorafin ƙarar injin goge haƙori, ita ko a jikinta.

Wahalar ɗaya ce, likitoci. Yawancinsu su aiko da awon baki da hoton da aka ɗauka a ƙarƙashin jan ƙwan lantarki, sauran bayani su ce a waya. Ita kuwa waya ba ta yi mata amfani sai a rubuce. Idan aiki bai zauna ba, laifin lab ne. Idan ya zauna, likita ne gwani.

Dakta Mu'awiya ne kaɗai ya bambanta. Da kansa yake hawo benen, ya ja kujerar katako ya zauna a gabanta, ya sauke takunkumin fuskarsa zuwa haɓa, ya yi mata bayani a tsanake. Mai haƙorin dattijo ne, yana cin goro, kada a yi masa fari tas jikokinsa su yi masa dariya. Wannan budurwa ce, idan ta yi murmushi har dasashinta ake gani. Da bakinsa take ganin mutanen da ba ta taɓa haɗuwa da su ba, aikinsu kuma bai taɓa dawowa ba.

Daga hirar haƙora aka koma hirar rayuwa, daga nan ya nemi izini wajen mahaifinta, Malam Shehu.

Sai Hajiya, mahaifiyarsa, ta zo gidansu da kanta wai ganin yarinya. Safara'u ta durƙusa ta gaishe ta, ta juya za ta kawo ruwa. Ashe Hajiya ta kira sunanta ta baya, ta sake kira. Ba ta waiwayo ba.

Abin da ya biyo baya a bakin Mu'awiya ta karanta shi, idanunsa jajir. Hajiya ta ce idan jariri ya ƙware a ɗaki uwarsa tana madafa, wa zai ji? Ta ce ba za a haifa mata jikoki kurame ba. Ya yi mata bayani cewa ciwo ne ya jawo, ba gado ba ne. Ta ce masa karatunsa a haƙori ya tsaya.

Ya ce wa Safara'u ta ba shi lokaci. Ta ba shi. Tun bayan ƙaramar salla bai sake hawo benen ba. Aiki dai yana zuwa a hannun ɗan adaidaita, babu bayani, babu gaisuwa.

Da ta idar da sallar la'asar ta saka haƙoran gwaji a jaka, ta tari adaidaita sahu. Sun wuce shagunan Court Road, masu gasa masara, ɗaliban koyon jinya cikin fararen kaya suna ta ƙyalƙyala dariya a bakin titi. Ta kalli bakunansu tana tsintar kalma ɗaya a nan, rabi a can, har aka wuce su. Matan da ke gefenta a adaidaitan suna hira, suka fashe da dariya, ɗaya ta dafa ta. Ta yi murmushi kamar ta ji. Ta daɗe da iya wannan murmushin.

Asibitin yana wani layi bayan kasuwar Tarauni. Nas ta shigar da ita ɗakin duba marasa lafiya kai tsaye.

Mu'awiya yana tsaye da farar riga, takunkumi ya rufe masa hanci da baki. Idanunsa kawai ta gani, su ma da suka sauka a kanta sai suka gudu. Takunkumin ya motsa, alamar ya yi magana. Ba ta san me ya ce ba.

"Ina wuni, Dakta," ta ce. "Malam Dalhatu ne ya turo ni in duba kala."

A kan kujerar haƙori wata budurwa ce a kishingiɗe, fara, mai yalwar fuska, ta rufe bakinta da gefen mayafi. A kusurwa kuma, kan kujerar baƙi, da carbi a hannu, Hajiya ce.

Safara'u ta ajiye jakarta. Ta durƙusa har ƙasa.

"Ina wuni, Hajiya."

Hajiya ta ɗaga mata hannu kawai.

Budurwar ta sauke mayafin, ta yi mata murmushin jin kunya. "Sannu 'yar'uwa. Sunana Jamila. Ke ce mai haɗa min haƙorin? Wallahi na gaji da wannan na wucin gadin, ko nama ba na iya gatsa. A wajen aiki ma da hannu a baki nake magana."

Tana magana tana kallon Safara'u ido cikin ido, a hankali, ba tare da wage baki ba. Da alama wani ya gaya mata yadda ake yi.

"Yaya aka yi ya karye?"

"Santsin tayil ne ya kwashe ni a banɗaki, na daki bakin bahon wanka."

"Allah ya kiyaye gaba. Don Allah ki goge jambakin, yana ruɗa ido. Sannan mu matsa bakin taga, hasken fitila ƙarya yake yi."

Aiki ya ɗauke wa Safara'u hankali. Ta jera haƙoran gwajin ɗaya bayan ɗaya kusa da lafiyayyen haƙorin Jamila. Ta sa ta yi murmushi, ta sa ta kira sunanta don ta ga inda leɓe yake tsayawa. A gefen lafiyayyen akwai wani ɗan farin ɗigo kamar ƙwayar gero, bakinsa kuma yana da ɗan shuɗi-shuɗi idan haske ya ratsa. Babu hoton da zai nuna wannan.

Ta ciro murfin da aka dawo da shi ta kara a wajen. Ta daɗe tana kallo. Ɗigon ne kawai babu. Ban da shi, ko ita da ta yi aikin sai ta ƙura ido za ta bambance. Ta tuna na biyun ma kusan haka yake.

Ta waiwaya ta kalli Mu'awiya. Yana ta jera ƙarafan da tun ɗazu a jere suke.

"Zai samu kafin ƙarshen wata?" Jamila ta tambaya. "Saboda hotuna."

"Hotunan me?"

Jamila ta sunkuyar da kai tana murmushi. Hajiya ce ta miƙe, ta tako har gaban Safara'u, ta tsaya daf da ita. Ta buɗe baki sosai, tana rarraba kalmomi kamar mai magana da ƙaramin yaro.

"Hotunan biki. 'Yar ƙanena ce. Amaryar Mu'awiya. Ki gyara mata da kyau, kin ji? Au, kin gane?"

Safara'u ta dafa jikin taga.

"Na gane, Hajiya. Allah ya sanya alheri."

Ta tattara haƙoran gwajin. Ɗaya ya suɓuce ya gangara ƙarƙashin kujera, ba ta bi ta kansa ba. Ta fita.

A lungun da zai kai ta ƙofar waje Mu'awiya ya sha gabanta. Ya nuna mata ƙaramin ɗakin da ake dafa kayan aiki, wanda yake jikin ɗakin da suka baro. Ta so ta wuce, amma ƙafarta ta bi shi. Ya tura ƙofa, ya fizge takunkumin. Ya rame, gemunsa ya yi buzu-buzu.

"Safara'u, ki tsaya ki saurare ni."

"In saurare ka?" Ta yi wata dariya mai ciwo. "Da wane kunnen, Dakta?"

"Don girman Allah kada ki yi min haka. Wallahi ban amince ba. Hajiya ce da Kawu suka yanke, jininta ya hau har aka kwantar da ita, likitanta ya ce a guji ɓata mata rai. Ina ta neman hanyar da zan gaya miki."

"Ka samu ai. Ka aiko min da bakinta a cikin filasta. Na zauna ina gina haƙorin matarka, ina gasawa, ina gogewa, ina cewa ko wace baiwar Allah ce wannan, Allah ya sa ta ji daɗinsa." Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. "Lab nawa ne a Kano? Me ya sa sai ni?"

"Babu mai yi kamar ke."

"To me ya sa yake dawowa?"

Ya sunkuyar da kai.

"Kalle ni, Dakta, ka san idan ka sunkuya ba na ganin abin da kake faɗa. Na kara shi da idona yanzu. Na farko na yarda ya yi haske, don ba ka gaya min komai ba. Na biyu fa? Na uku fa?"

Ya ɗago. Leɓensa yana rawa har sai da ta wahala kafin ta karanta.

"Na biyun ya zauna. Ko gwada mata ban yi ba, a kan filasta na duba na mayar da shi akwati. Jamila ta ce ba za a sa rana ba sai an gyara haƙorin. Na ga idan aikin bai ƙare ba, ranar ba za ta matso ba. Kuma duk ranar da akwatin ya dawo daga wajenki, ina sanin hannunki ya taɓa shi. Shi kaɗai ya rage min."

Wani ɓangare na zuciyarta ya narke, ta ji haushin kanta da ya narke.

"Ka san abin da ka yi kuwa? Yau Malam Dalhatu ya ce zai mayar da ni zuba filasta. Likitoci suna cewa hannuna ya lalace. Dakta, ni ba ni da kunne, ba ni da muryar da ake sha'awa, a taron biki ni ce wadda ake dafawa a yi wa murmushi a wuce. Abu ɗaya Allah ya bar min da mutane suke girmama ni saboda shi, hannun nan. Shi ka ɗauka ka yi garkuwa da shi saboda ba za ka iya fuskantar Hajiya ba."

"Ban yi tunanin..."

"Ba ka yi ba. Ita ma baiwar Allahn can, ka bar ta tana yawo da hannu a baki, tana jin kunyar dariya, ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Me ta yi maka?"

"Safara'u, ina son ki. Wallahi ban taɓa son wata ba."

"Na sani. Da ba ka so na da abin ya zo min da sauƙi. Kullum idan na ga inuwa a bakin ƙofar lab sai in ɗago, in ce ko kai ne. Kujerar da kake zama har yau ban bari an ɗauke ta ba. Ko saƙo ɗaya, Dakta. Ka san rubutu nake ji. Ko 'yaya kike' ba ka iya rubutawa ba."

"Kunya ce ta hana ni. Ki ƙara min lokaci kaɗan, zan samu Kawu in..."

"Zan yi mata haƙorinta, zan yi shi yadda ko mahaifiyarta ba za ta gane ba. Daga shi kuma ka nemi wani lab ɗin, ko ka ce a ba Sani aikinka."

Ta buɗe ƙofa. Ta san yana kiran sunanta a baya. Wannan karon ta gode wa Allah da ba ta ji.

Ana kiran magariba ta isa gida. Ƙannenta suna tsakar gida suna musu a kan wani abu, bakuna huɗu suna motsi lokaci guda. Ta wuce su ta shige ɗaki, ta yi salla, ta zauna a kan dardumar ba ta tashi ba.

Inna ta shigo da kwanon tuwo, ta kunna fitila, ta zauna a gabanta. Kallo ɗaya ta yi mata.

"Kin gan shi ke nan."

Safara'u ta kifa kai a cinyar Inna ta saki kukan da ta riƙe tun daga Tarauni. Inna ta bar ta ta yi mai isarta, sannan ta ɗago fuskarta da hannu biyu.

"Aure zai yi, Inna. 'Yar kawunsa."

"Mun ji tun makon jiya. Babanki ya hana a gaya miki."

"Kowa ya sani ke nan sai ni."

"Safara'u, ki dube ni. Mutanen Garzali sun sake aikowa. Yaron nan shekara guda yana jira, bai gaji ba, bai yi fushi ba. Malami ne, yana da aikinsa, yana da ɗakinsa a Unguwa Uku. Uwarsa da kanta ta ce min ke take so. Gidan da za ki shiga a ɗauke ki mutum, babu mai gwada ki ta baya."

Garzali malami ne a makarantar kurame, shi da kurumtarsa aka haife shi. Mutumin kirki ne, mai fara'a, idan ya zo zance da hannu yake magana, ita kuma maganar hannu rabi-rabi ta iya. Ranar da ya kai ta taron abokansa, hannuwa suka yi ta tashi kamar tsuntsaye, kowa yana dariya, ita tana zaune tana irin murmushin da take yi a cikin masu ji.

"Inna, ba na jin komai a kansa. A cikin masu ji ni kurma ce, a cikinsu kuma ni baƙuwa ce. Mutum ɗaya ne ya taɓa zama ya yi magana da ni yadda nake ganewa."

"Ga shi kuwa ya tashi ya bar ki." Inna ma hawaye take. "Ni ba zan yi miki dole ba, Babanki ma ya rantse ba zai yi ba. Amma ina tsoron ranar da za mu kwanta dama mu bar ki ke kaɗai a wancan benen, da haƙoran mutane."

Bayan sallar isha Malam Shehu ya kira ta falo. Tsohon ma'aikacin gwamnati ne, mutum mai magana ɗaya, a unguwa an san idan ya ce e to ya gama. Ya zaunar da ita a inda take ganin fuskarsa.

"Uwata, ba zan matsa miki ba. Idan kin ce a'a, gobe in ba su haƙuri. Idan kin ce e, in ba su. Amma ki sani, in na ba su na ba su ke nan, ba na dawowa in ce na fasa. Ki je ki yi shawara da zuciyarki."

Ta tuna bakin Hajiya yana rarraba mata kalmomi. Ta tuna idanun Mu'awiya suna gudun nata.

"Ba sai na je ba, Baba. Ka ba su."

"Kin tabbata?"

"Na tabbata."

Washegari da safe ya aika, kafin azahar dattawan gidan su Garzali sun zo sun yi godiya, an yi addu'a an shafa.

Kwanakin da suka biyo baya ta ba wa haƙorin. Ba ta gyara tsohon ba, sabo ta fara. Ta cire na'urar kunnenta ta ajiye a aljihun tebur, duniya ta yi tsit. Da siririn burushi take ɗora garin tangaran, kaɗan-kaɗan, ta gasa, ta bari ya huce, ta ƙara. Ta saka ɗan shuɗin a baki. A ƙarshe ta ɗiga farin ɗigon nan, daidai inda ɗan'uwansa yake da shi. Da Malam Dalhatu ya ɗaga shi a hasken taga, sai ya gyaɗa kai ya ajiye a hankali.

Ranar da za a aika da shi, da hantsi, tana naɗe shi a auduga, aka dafa kafaɗarta. Ta juyo a firgice.

Jamila ce, ita kaɗai, babu kwalliya, idanunta sun kumbura. Safara'u ta lalubo na'urar ta maƙala.

"Sannu da zuwa. Ai da kin jira, yau za a kai asibiti. Likita ne yake sakawa, ba mu ba."

"Ba haƙori ya kawo ni ba." Jamila ta ja kujerar katakon ta zauna. "'Yar'uwa, ki yafe min abin da zan faɗa. Ranar nan, bangon ɗakin katako ne. Kuma ke ba kya jin ƙarfin muryarki."

Safara'u ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Kin ji?"

"Komai. Ni da Hajiya da nas, muna zaune kamar gumaka. Hajiya ta ce in toshe kunnena, sharrin shaiɗan ne." Ta share ido da bakin mayafi. "Wallahi ban san da ke ba. An ce min akwai wata da ya taɓa nema, magana ta mutu tuntuni. Shi ya koya min yadda zan yi miki magana, ya ce in kalle ki, kada in ɗaga murya. Na ce a raina, Ya Mu'awiya akwai tausayi. Tun ina sakandare nake son sa, ban taɓa gaya wa kowa ba. Da aka ce an ba ni shi, kwana na yi ina nafila."

"Ki yi haƙuri, Jamila. Ni na fita daga tsakaninku. Ki aure shi, zai riƙe ki da kyau, ba mugu ba ne."

"Mutumin da ya gwammace in yi ta yawo da karyayyen haƙori da a sa mana rana?" Jamila ta girgiza kai. "Kuma a cikin duk maganar da kuka yi, ke ce kika tambaya me na yi masa. Shi bai tambaya ba. Na yi kuka na gaji, na yi istihara. Jiya na samu Abbana na gaya masa komai, na ce na fasa. Ya yi faɗa, ya kira Hajiya, gida ya hargitse. Amma da safen nan ya ce ba zai ba da 'yarsa inda ba a son ta ba. Ya ce kuma shi da kansa zai zaunar da yayarsa a kan maganarki, don abin da take gudu jahilci ne."

Audugar ta faɗi daga hannun Safara'u.

"Sake faɗa. Ban gani da kyau ba."

Jamila ta matso, ta kama hannuwanta biyu, tana murmushi cikin hawaye. "Na fasa. Abba zai tsaya muku. Na so in riga Ya Mu'awiya zuwa, don in gaya miki da bakina cewa babu komai a raina game da ke. Yana hanya, tare muka fito daga gidanmu, ya tsaya neman wajen ajiye mota."

Safara'u ta zare hannuwanta a hankali.

"Lafiya? Ba ki yi murna ba?"

"An ba da ni, Jamila."

"An me?"

"A daren ranar nan Babana ya tambaye ni, na ce ya ba wani. Ya tambaye ni ko na tabbata, na ce na tabbata. Dattawa sun zo, an shafa fatiha. Babana bai taɓa janye maganarsa ba tunda nake. Shi kuma wanda aka ba wa, bai taɓa yi min komai ba sai alheri. Jiya ya aiko min da hoton ɗakin da yake yi wa fenti."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Jamila ta dafe ƙirji. "Ni na saki, ke kin saki. To wa aka yi wa?"

Safara'u ta miƙe ta je bakin taga. A can ƙasa, tsallaken titi, ga shi nan yana ratsowa tsakanin adaidaita sahu, yana ɗaga wa masu mota hannu, har da ɗan gudunsa. Ya yi aski, ya sa sabuwar shadda. Ya ɗago kai ya hango ta, fuskarsa ta washe da murmushin da ta yi watanni tana jira.

Jamila ta ɗauki jakarta. "Bari in ba ku wuri."

Safara'u ta riƙo mayafinta da ƙarfi.

"Don Allah kada ki tafi. Ki zauna a nan kusa da ni. Idan na fara gaya masa muryata ta ƙi fita, ke ki ƙarasa."

Jamila ta kalle ta, ta ajiye jakar, ta koma ta zauna.

Benen na ƙarfe ne. Safara'u ba ta ji takunsa ba, amma ta ji girgizar a tafin ƙafarta, yana hawowa da sauri, bibbiyu-bibbiyu.